Ƙauyen Aro da Masu Taɓin Hankali

A zamanin mulkin Turawa, abin da hukuma ta tanadar wa wanda hankalinsa ya gushe bai wuce tsaro ba, domin gidan mahaukata da aka buɗe a Yaba ta Ikko a shekarar 1907, da ɗan'uwansa na Kalaba, an yi su ne don a kawar da majinyaci daga idon jama'a, maganar waraka kuwa sai abin da Allah Ya yi. A sauran larduna, har da namu na Arewa, galibi kurkuku ne masaukinsa, ya kwana cikin ɓarayi alhali ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Mu ma, in za a yi adalci, ba mu da bakin zargi, tun da mari da turu ba Nasara ne ya kawo mana su ba.

Ana cikin wannan hali, a shekarar 1954, wani likita Bayarabe haifaffen Abekuta, Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatun likitanci a Birmingham, ya kuma ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya komo gida aka ɗora shi a kan asibitin masu taɓin hankali na Aro da ke Abekuta, sai ya tarar ginin bai ma kammala ba, ga majinyata kuma suna ta zuwa. Lalura ce ta kai shi ga dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su sauki marasa lafiyar a gidajensu bisa haya, amma da sharaɗi guda, wanda a ganina shi ne hikimar al'amarin duka: ba a karɓar majinyaci sai tare da wani nasa, uwa ko ƙanwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa abincin da ya saba, ta wanke masa tufafi, ta rako shi wurin likita da safe. In an gama magani sai ya koma cikin ƙauye, ya ji hayaniyar yara, ya leƙa gona ko kasuwa, a gaishe shi da sunansa. Mutanen ƙauye kuwa, waɗanda da fari suka tsorata, da suka ga kuɗin haya da ruwa mai tsabta, sai zukatansu suka natsu.

Bai tsaya nan ba, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, ba don ya sallama wa da'awarsu duka ba, sai don ya fahimci cewa mutumin da ya yi imani sammu aka yi masa ba zai buɗe cikinsa ga wanda ya raina wannan imani ba, ko da kuwa allurarsa ta fi ta kowa kaifi.

Sunan Aro ya tafi duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, Lambo kuma ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004, dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta Turawa ta 1916, tana nan daram a littafin shari'ar ƙasarsa, ba a sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta ba sai a watan Janairu na 2023.