Tarihin da Aka Sauya wa Hanya: Nazarin Ganɗoki a Inuwar Marnona

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa ƙagaggen labarin Hausa, duk da yalwar barkwanci da aljanu a cikinsa, bai cika taɓa sakamakon tarihi ba. An ɗauki Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara a matsayin misali, aka auna shi da abin da ya faru a ƙasar Wurno a 1903.

Gabatarwa

A adabin Ingilishi akwai jerin littattafan Jasper Fforde kan jami'a Thursday Next, wanda ya fara da The Eyre Affair a 2001. A duniyarsa, yaƙin Kirimiya bai ƙare ba har 1985, yankin Wales kuma jamhuriya ce mai cin gashin kanta. Raharsa ta dogara ne ga mai karatu ya san gaskiyar tarihin, ya ga yadda aka murɗe ta.

Ganɗoki da iyakarsa

Ganɗoki na cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Rabinsa na farko tarihi ne tsagwaronsa: Kwantagora, da zuwan sojojin Turawa na Lugga. Da bindiga ta fi ƙarfin takobi, sai marubucin ya kwashe jarumin da ɗansa Garba Gagare zuwa gabas, inda suke ta ragargazar maƙiya a duniyar aljanu. Nasarar da ta gagara a gida, can aka same ta. Amma da Ganɗoki ya dawo, mulkin Turawa ya tarar daram. Kagara ya sauya wa jaruminsa fage, bai sauya wa tarihi ko ɗigo ba. Kada a manta malami ne a Kwalejin Katsina, kuma hukumar Turawa ce za ta buga littafin.

Mararrabar Marnona

Wannan ƙin taɓa tarihi ba don rashin abin rubutu ba ne. Bayan yaƙin Giginya da Turawa ranar 15 ga Maris 1903, manyan Sakkwato sun taru a Marnona, kusa da Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, inda kabarinsa yake tun 1837. Nan hanya ta rabu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya kwanta dama a Burmi a Yulin shekarar. Waziri Buhari ya koma ya sasanta da Turawa. Marubuci irin Fforde ba zai ƙyale wannan wurin ba.

A ganin mai wannan nazari, abubuwa biyu suka riƙe alƙalamin Bahaushe. Imani da ƙaddara ya sa hange kan abin da bai auku ba ya zama abin ƙyama, har hadisi ya yi kashedi a kansa. Na biyun ya fi nauyi: zuriyar waɗanda suka taru a Marnona suna nan da rawunansu daga Wurno har Goronyo, kuma ba a raha da kakan mutum a ƙofar gidansa. Shi ya sa barkwancin ya koma kan mutanen ƙirƙira irin Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, wanda ƙanen Kagara, Abubakar Imam, ya rubuta a gasar ɗaya, a wata duniya da ba ta da magada.