Taƙaitaccen Tarihin Giyar Inabi a Amurka

Turawan da suka fara zama a gabashin Amurka sun iske inabin daji a yalwace, amma giyarsa ba ta yi musu daɗi ba. Suka kawo irin Turai suka dasa, ya yi ta mutuwa. Sanadin kuwa sanyi ne da cututtuka, musamman wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera da ke cin saiwar kuranga, wanda inabin ƙasar ya daɗe da sabawa da shi.

A yammaci aka dace. Limaman mishan na Sifaniya, waɗanda suka kafa mazauninsu na farko a San Diyego a 1769, su ne suka shigar da inabin Turai Kalifoniya domin ibadarsu.

A shekarun 1860 ƙwaron ya ƙetara Faransa, ya halaka gonaki masu ɗimbin yawa. Maganin ma daga Amurka ya fito: aka riƙa aurar da reshen Turai a kan saiwar Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

Dokar haramta barasa, daga 1920 zuwa 1933, ta durƙusar da sana'ar. Darajarta ta tabbata a birnin Paris a 1976, inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin sunayen kwalabe ba, suka fifita giyar kwarin Napa a kan tasu.

A yau Kalifoniya ce ke samar da mafi yawan giyar ƙasar, musamman daga Cabernet Sauvignon da Chardonnay. Oregon ta shahara da Pinot Noir, yankin Finger Lakes na jihar New York kuma da Riesling.