Lalle da Nomansa a Ƙasar Gobir

Lalle ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa, wadda kan kai tsayin mita 2 zuwa 6 idan ba a datse ta ba. Ganyenta ƙanana ne, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma muddin saiwarta na samun danshi ba ta rabuwa da su. Sai fari ya tsananta take kakkaɓewa. Idan ta tsufa ƙarshen rassanta kan zama ƙaya. Furenta fari ne ko mai ɗan ja-ja, yana fitowa cunkus a kan reshe, kuma ƙamshinsa kan cika lambu da maraice. A ƙasar Hausa ganyen ne ake nema, shi ya sa da yawa daga masu ƙunshi ba su taɓa sunsunar furen ba.

Masana tsirrai na kiranta Lawsonia inermis, sunan da Carl Linnaeus ya ba ta a 1753 don karrama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Sikotilan. Amma amfani da ita ya girmi wannan suna da dubban shekaru, domin tun a tsohuwar Masar ake rina gashi da farce da ita. Musulunci ya ƙara mata daraja a ƙasar Hausa, har dattawa na rina gemu da ita don koyi da sunna. J. M. Dalziel ya sanya ta cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

A gabashin Sakkwato, wajajen Sabon Birni da Isa, akwai abin da lalle ke so: zafin rana, da ƙasa mai jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya, ga kuma fadamun gulbin Rima da ke riƙe danshi har cikin rani. Garin Unguwar Lalle da ke ƙaramar hukumar Sabon Birni yana ɗauke da sunan shukar. Yanki ne da ya sha tashi da zama. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Wannan tarihi ya shafi lalle, domin ba gero ba ne da za a shuka a girbe cikin damina guda. Wanda ya dasa shi ya yi niyyar zama ne, tunda gindi ɗaya kan shekara da shekaru ana yankansa yana tofowa.

Hanya biyu ake samar da shi. Ko dai a yanko reshe mai ƙwari a kafa a ƙasa mai laima, ko a yi amfani da iri. Irin yana da taurin ɓawo, don haka ake jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa kafin a yafa a fangali, sannan a yi dashe idan damina ta kankama. Wasu kan jera shi a matsayin shingen lambu. Idan ya yi ganye sosai sai a yanke rassan kusa da ƙasa, a shanya a inuwa. Nan ne gwanintar take: ganyen da rana ta buga yakan koɗe, mai saye kuwa kore shar yake nema. Bayan ya bushe a karkaɗe, a daka a turmi, a tankaɗe.

Sinadarin da ke cikin ganyen yana kama fata da farce da gashi ne idan garin ya jiƙa ya daɗe a jiki, shi ya sa ake kwaɓa shi da ruwa, wasu su matsa lemun tsami. A da, mace kan cusa hannunta cikin zunguru, wato doguwar ƙwarya, ta ɗaure ƙafa da ganye da tsumma ta kwana a haka. Bikin aure ma da sa lalle yake buɗewa, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954.

Yanzu leda ta maye gurbin zunguru, salatef na fitar da zane, kuma lallen kanti daga Indiya, musamman na garin Sojat, ya cika kasuwa. Baƙin rinin da ake zanen fulawa da shi sau da yawa ba lalle ba ne, sinadari ne da kan ƙona fatar wasu. Ga kuma rashin tsaro na 'yan shekarun nan a Sabon Birni da Isa, wanda ya raba manoma da yawa da gonakinsu da lambunansu.