Wasan 'yar tsana

Wasan 'yar tsana wasa ne na kwaikwayo da yara ke yi da ɗan ƙaramin mutum-mutumi, suna ɗaukar sa tamkar jariri ko amarya. Masana tarbiyya na kallon sa a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da yaro ke koyon zaman tare da al'adun mutanensa tun kafin ya shiga makaranta.

A ƙasar Hausa

Galibi 'yan mata ne ke yin wannan wasa. Kafin yaɗuwar ta roba, akan haɗa 'yar tsana da kara, ƙashi, yumɓu ko tsumma, a ɗaura mata zane. Yarinya takan goya ta, ta yi mata wanka, ta tuƙa mata tuwon ƙasa. Wani lokaci ƙawaye kan haɗu su yi mata biki, su kwaikwayi kai lefe, kai amarya da suna. A nan ake raba matsayi: wannan uwar amarya, waccan gwaggo. Kowacce sai ta yi magana daidai da matsayinta. Ta haka suke gwada gaisuwa, sunayen dangi, rarrashi da alkunya, su kuma koyi sasanta saɓani a tsakaninsu.

Bincike

A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Cardiff da ke Birtaniya sun auna aikin ƙwaƙwalwar yara 33 masu shekara 4 zuwa 8. Sun gano cewa sashen da ke taimakawa wajen fahimtar tunanin wasu yana aiki yayin wasa da 'yar tsana, ko da yaro shi kaɗai yake. Kamfanin Mattel, mai ƙera Barbie, shi ya ɗauki nauyin binciken.

Kamannin 'yar tsana

Siffar 'yar tsana na da alaƙa da yadda yaro ke kallon kansa. A shekarun 1940, Kenneth da Mamie Clark sun nuna wa yara baƙar fata a Amurka fara da baƙar 'yar tsana, yawancinsu suka zaɓi farar. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Kenneth Clark a hukuncin 1954 da ya haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati.

A Najeriya, Taofick Okoya ya ƙirƙiro 'yan tsanan Queens of Africa a 2007, masu baƙar fata da suturar Hausawa, Yarabawa da Ibo, domin yara su samu abin wasa mai kama da su.