Hukumar Wasanni ta Ƙasa: Asalinta da Rawar da Ta Taka

Kafin zuwan Turawa, ba a san wata hukuma mai kula da wasanni a ƙasar Hausa ba, amma kuma wasannin ba su rasa masu tsara su ba. Dambe sana'ar mahauta ce ta gado, akwai Sarkin Dambe, akwai makaɗa, akwai kuma lokacinsa, wato kaka, bayan an kawar da amfanin gona. Haka kokawa da langa suke a dandali. Turawa ne suka shigo da guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallon ƙafa ta hanyar makarantun boko da barikin soja. Dattawan da suka yi elementare a wancan zamani za su tuna gasar da akan shirya wa yara ranar 24 ga watan Mayu, ranar bikin Daular Ingila.

Bayan samun mulkin kai, a 1962, Gwamnatin Tarayya ta kafa Majalisar Wasanni ta Ƙasa. Hukumar da nake magana a kanta kuwa, wato Hukumar Wasanni ta Ƙasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa ta da Dokar Soja mai lamba 34 ta 1971. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan shekara. An gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, zukata ba su huce ba, ga kuma Nijeriya ta karɓi ɗaukar nauyin Wasannin Afirka karo na biyu. Saboda haka, a ganina, siyasa ce ta haifi hukumar kafin sha'awar motsa jiki. An buɗe babban filin wasa na Surulere a Legas a 1972, aka yi Wasannin Afirka a cikinsa a Janairun 1973.

Babban abin da za a tuna hukumar da shi shi ne Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, lokacin ƙasar tana da jihohi 12. Manufarsa biyu ce: a haɗa samarin da yaƙi ya raba, a kuma zaƙulo masu hazaƙa. Hanyar zaƙulowar ita ta fi jan hankalina, domin ta hannun malamai take bi. Yaro zai yi fice a gasar gidaje ta makarantarsa, daga nan ya wakilci makaranta, sannan shiyya, sai majalisar wasanni ta jiha ta ɗauke shi zuwa bikin ƙasa. Ta haka ɗan Kano da bai taɓa ƙetare Kwara ba zai kwana a masauki ɗaya da ɗan Inugu. Kaduna ta karɓi bikin a 1977 da 2009, Bauchi kuma a 1991 da 2000. An tsara a riƙa yin sa duk shekara biyu, amma ba kullum aka cika wannan alkawari ba. Tsakanin na Legas na 2012 da na Abuja na 2018 shekara shida aka yi shiru.

An ga amfanin wannan shuka. Nijeriya ta ci Kofin Afirka a Legas a 1980, bayan ta doke Aljeriya da ci 3 da nema. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Chioma Ajunwa ta ciwo zinare a dogon tsalle, 'yan ƙwallon ƙafa ma suka ciwo nasu. Har ila yau, gwamnati ta yi amfani da wasanni wajen yaƙar wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, inda ta janye 'yan wasanta daga Olamfik na Montreal a 1976.

To, ina wasanninmu na gargajiya a cikin wannan tsari? An dai shigar da dambe da kokawa da langa cikin bikin na ƙasa daga baya, kuma wannan abin yabo ne. Amma gaskiya ita ce, ba hukuma ce ta raya dambe ba. Mahauta da makaɗa da 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa su suka riƙe shi, kuma sunan Shago a bakin Ɗan Anace ya zaga ƙasar Hausa. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya dabam: tun 1975 gwamnatinsu ta mayar da kokawa gasar ƙasa, ana ba zakara takobi, har ta zama wasan da babu kamarsa a can.

Ita kanta hukumar ba ta sami zama wuri ɗaya ba. Sau da yawa an rushe ta an mayar da aikinta ma'aikata, sannan a sake farfaɗo da ita. A 2015 an haɗe ta da Ma'aikatar Matasa da Wasanni. A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya soke Ma'aikatar Wasanni, ya dawo da hukumar, ya naɗa Shehu Dikko shugabanta. Sai dai makarantun firamare da sakandare, inda tsanin ya faro, yawancinsu a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Malaman da suka daɗe a aiki sun san makarantu nawa aka yanka filin wasansu aka gina azuzuwa ko shaguna, kuma hukumar da ke Abuja ba ta da ikon hana wannan.