Daga Majigi Zuwa Talabijin: Wa Ke Biyan Kuɗin Kallo?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Wanda ya ke so ya fahimci tarihin kallo a ƙasar nan, to, ya riƙe wannan magana, gama ba a taɓa yin wasa ba sai da mai biya.

A zamanin En'e, mutanen ƙasar Daura, kamar su Sandamu, ba su san talabijin ba, sai majigi. Mota ce ta kan zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, da almuru talakawa su taru. Kallon kyauta ne, amma Gwamnati ke biya, saboda haka abin da ta ke so shi a kan nuna, watau tsabta, da yaƙi da jahilci, da noman zamani irin na fim ɗin Baban Larai.

Cikin 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a Badun. Jihar Arewa ta bi sahu cikin 1962, ta kafa nata a Kaduna. Amma da ya ke aikin na cin kuɗi, sai ta haɗa jari da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI. Ka ga tun ran gini manyan 'yan kasuwa na ciki. Cikin 1977 Gwamnatin soja ta tattara gidajen duka ƙarƙashin hukuma guda, NTA. A nan ne wasanni irin su Samanja, na Usman Baba Pategi, suka yi tashe.

Sa'an nan zamani ya juya. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset. Daga nan ragama ta koma hannun dillalan kaset, musamman na kasuwar Ƙofar Wambai, abin da suka ga zai sayu shi a ke shiryawa. Cikin 1992 kuwa aka yi doka ta yardar wa 'yan kasuwa su buɗe gidajen kansu. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya shigo da DStv, StarTimes na ƙasar Sin ya biyo baya cikin 2010, ya haɗa hannu da NTA. Har wa yau tashar Arewa24, mai wasan Daɗin Kowa, da gudummawar Gwamnatin Amurka aka fara ta cikin 2014, daga baya ta koma dogara ga talla.

To, ina talaka ya tsaya? Dā an nuna masa ne don a gyara nomansa. Yanzu kuwa ko dai ya biya kuɗin wata, ko ya biya a bakin ƙofar gidan kallo don ya ga ƙwallon Ingila, ko kuma mai talla ya biya don ya sayar masa da sabulu. Ba mu ce wannan duk sharri ne ba, gama samari da yawa sun sami sana'a, harshen Hausa kuma ya kai nesa. Amma mai talla birni ya ke duba, inda kuɗi su ke, ba safai a kan tuna da zancen taki da rijiyar ƙauye ba.

Saboda haka ya kamata mai kallo ya riƙa tambayar kansa, wa ya biya, me kuma ya ke nema a wurina? Allah ya sa mu gane.