Tsoron Faɗuwar Sukari a Zukatan Manya Masu Ciwon Sukari: Nazari a Kan Suleja

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken likitoci game da tsoron faɗuwar sukarin jini, sa'an nan ta auna shi da yanayin zaman Suleja. Abin da take neman tabbatarwa shi ne, sau da yawa halin da ake kira taurin kan majinyaci a ɗakin likita, tsoro ne mai hujja wanda ba a tambaye shi labarinsa ba.

Asalin mas'alar

Likitoci sun yi ittifaƙi a kan cewa idan na'urar awo ta nuna ƙasa da 70, sukari ya faɗi, idan kuwa ya sauka ƙasa da 54, al'amari ya tsananta, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a wannan sa'a shi take ci. Alamomin farko su ne zufa da karkarwa da faɗuwar gaba da yunwa mai tsanani, daga nan magana ta sarƙe, hankali ya gushe, har a kai ga suma ko jijjiga. Sababin faɗuwar kuwa galibi magani ne, wato allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide, waɗanda ke ci gaba da aikinsu ko an ci abinci ko ba a ci ba, saɓanin metformin wanda da wuya ya kayar da sukari shi kaɗai.

A shekarar 1993 binciken DCCT, wanda aka yi a kan mutum 1,441 a Amurka da Kanada, ya tabbatar da cewa matsa wa sukari lamba yana kare ido da ƙoda da jijiyoyi, amma ya ninka mummunar faɗuwa kamar sau uku. Tun a 1987 kuwa Daniel Cox da abokan aikinsa a Jami'ar Bajiniya suka tsara ma'aunin wannan tsoro, suka kasa shi gida biyu: zullumin da ke cikin zuciya, da dabarun da mutum ke yi don guje wa abin da yake tsoro, kamar rage allura da barin sukari a sama da gangan.

Halin Suleja

Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya bar wa babban birnin tarayya sunansa ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, ya zama makwancin ɗimbin mutanen da abincinsu ke Abuja. Mu ɗauki misalin magidancin da ya idar da sallar asuba, ya haɗiyi ƙwayarsa da ruwa, ya shiga mota da niyyar karyawa idan ya isa, sai cunkoso ya riƙe shi tsakanin Madalla da Zuba har hantsi ya dubi ludayi. Ga zufa ta jiƙe masa riga alhali na kusa da shi ba sa jin zafi, ga yatsunsa sun kasa ƙirga kuɗin mota, yaron mota na yi masa kallon mashayi, wata kuma tana cewa iska ce ta taɓa shi. Wanda ya taɓa shan wannan kunya a bainar jama'a, ba ya bukatar malamin da zai koya masa tsallake magani, kuma idan ya koma asibiti awo ya nuna 250, aka ce ba ya jin magana, a ra'ayina an zalunce shi, domin ya zaɓi cutar da ke cinsa a ɓoye cikin shekaru a kan wadda za ta kayar da shi yau a gaban mutane.

Azumi ya ƙara wa mas'alar nauyi, musamman a shekarun 2023 da 2024 da Ramadan ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu. Binciken EPIDIAR, wanda aka wallafa a 2004 bayan nazarin majinyata fiye da 12,000 a ƙasashe 13, ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon sukari nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwa ta ninka musu sau bakwai da rabi. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a cikinsu, saboda haka ƙiyasi kawai za mu yi da shi. A nan tsoro biyu ke gamuwa a ƙirji guda, na faɗuwa da na shan azumi, sai majinyaci ya sulhunta su ta hanyar ajiye magani wata guda cur, ya kuma cika cikinsa da kunu mai sukari a sahur, alhali Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame, fuƙaha'un Malikiyya kuma sun wajabta shan azumi ga wanda ya ji tsoron halaka. Ƙa'idojin da ƙungiyar ciwon sukari ta duniya IDF ta fitar tare da ƙungiyar DAR mai kula da ciwon sukari da Ramadan a 2016 sun ce a karya idan awo ya sauka ƙasa da 70, kuma tsira yatsa don awo ba ya ɓata azumi.

Abin da ya kamata

Ya wajaba likita ya riƙa tambayar majinyaci, da kalmomin da ya sani, ko ya taɓa jin jiri ko makyarkyata ko duhun ido, da ƙarfe nawa, kuma me ya canza tun daga ranar. Ya duba ko za a sauya wa tsoho da mai ciwon ƙoda glibenclamide, domin yana daɗewa a jikinsu. Ya tuna cewa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da kwinin su ma suna kayar da sukari. A koya wa majinyaci ya riƙe sukari a aljihu, idan ya ji alamar faɗuwa ya sha babban cokali ɗaya, ya jira minti 15, ya sake awo. Matarsa da 'ya'yansa kuma su san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.